Hadarin Da Ya Kā Da Jirgi A Kano

Mutanen Tudun Wada sun saba ganin ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙi ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1964, suna shawagi a kansu. Amma da hadari ya taso daga gabas sai sararin sama ya yi tsit. Wannan ka'ida ba da araha aka same ta ba.

Ran 24 ga Yuni, 1956, da la'asar, wani jirgin kamfanin BOAC mai inji huɗu, irin wanda a ke kira Argonaut, ya tashi daga Kano za shi London ta Tarabulus, ɗauke da mutum 45. Hadari kuwa ya haɗu kusa da filin. Tashinsa ke da wuya sai ya shiga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gudunsa ya ragu, ya yi ta yin ƙasa, direba ya ba shi wuta iyakar ƙarfinsa, amma ina! Ya bugi itace kamar mil ɗaya da rabi daga filin, ya faɗi ya kama da wuta. Mutum 32 suka riga mu gidan gaskiya.

Masu bincike suka tarar iska ce ta juya farat ɗaya. Ga yadda abin ya ke: jirgi na dogara ne ga iskar da ke bugun fukafukansa daga gaba. To, wani lokaci iska mai sanyi ta kan rikito daga cikin gajimare, ta daki ƙasa, ta watsu ko'ina. Jirgin da ya ratsa ta, da fari za ta tare shi ta gaba, sa'an nan ta danne shi, daga bisani ta koma bayansa. Nan take fukafukai su kasa ɗaukarsa, ga shi kuwa ƙasa na kusa.

Ba a gane sirrin wannan iska sosai ba sai bayan haɗarin New York na 1975, sa'ad da masani Fujita ya bi diddiginta. Daga baya aka ƙera na'urorin da ke gargaɗin direba.

Duk da haka, babban magani shi ne jira. Saboda haka ma'aikaci ko alhajin da aka ce jirginsa ya dakata sai hadari ya wuce, kada ya yi gunaguni. Gara jinkirin awa guda da tafiyar da ba dawowa.