Noman Na'a-na'ar Kyanwa A Gida: Daga Shuka Zuwa Girbi

Duk wanda ya taɓa murza ganyen ɗaɗɗoya ko na na'a-na'a a tafin hannu ya san cewa amfanin waɗannan tsirrai yana cikin ƙamshinsu ne. Suna da wata 'yar uwa da ba a saba gani a lambunanmu ba, wadda Turawa ke kira katnif, masana kimiyya kuma suke kira Nepeta cataria. A nan za mu kira ta na'a-na'ar kyanwa, saboda yadda kyanwa ke birgima a kanta tana shafa fuska idan ta ji ƙamshin ganyen. Asalinta ƙasashen Turai ne da yammaci da tsakiyar Asiya. Daga can aka kai ta Amurka ta Arewa, inda ta bazu har ta zama ciyawar bakin hanya.

Tsawonta yakan kai santimita 50 zuwa mita 1. Karanta yana da kusurwa huɗu kamar na ɗaɗɗoya, ganyenta kore ne mai toka-toka da gashi-gashi, furenta kuma fari ne mai ɗigon shunayya.

Me ake nema a jikinta?

Abin da ake noma ta dominsa shi ne wani mai da ke cikin ƙananan jakunkuna a bayan ganye da jikin fure. Babban sinadarin da ke cikin man sunansa nefetalakton, an kuma fara tace shi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a shekarar 1941. Shi ne ke sa kimanin kyanwa biyu cikin uku su yi ta birgima na minti 5 zuwa 15, sa'annan su koma yadda suke. Abin gado ne a jinin kyanwa, ita kuwa 'yar jaririya ba ruwanta da shi. Man nan ba shi da yawa a ganye, kuma zafi da rana suna korar shi cikin iska. Saboda haka, kai manomi, duk abin da za ka yi daga ranar shuka zuwa ranar ajiya, ka yi shi da nufin kada man ya gudu.

A shekarar 2001 masu bincike na Jami'ar Jihar Iowa suka ba da rahoton cewa a ɗakin gwaji wannan sinadari ya fi DEET korar sauro, wato sinadarin da ke cikin yawancin man shafawa na korar sauro. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a jikin fata ba ya daɗewa, domin yana saurin bin iska. A shekarar 2021 kuma aka gano dalilin da ya sa sauro ke gudunsa: yana taɓa wata kafar jin zafi da ƙaiƙayi a jikin ƙwaro. A nan ina jan hankalin malaman gona musamman. Tukunyar na'a-na'ar kyanwa a bakin taga ba za ta hana sauro shiga ɗaki ba, domin ganyen da ba a murza ba kaɗan yake fitarwa. Kada a bar wani magidanci ya naɗe gidan sauronsa mai magani don ya shuka ta a tsakar gida. Zazzaɓin cizon sauro ba abin gwaji ba ne, balle ga yara da masu juna biyu.

Wuri da lokacin shuka

Shuka ce ta ƙasar sanyi. Tana jure fari idan saiwarta ta kama, amma ba ta son kwanciyar ruwa, ba ta kuma son zafi mai haɗe da laima. A tsaunukan Jos da Mambilla za ta iya yin shekaru tana sake toho. A sauran wurare ya fi kyau ka ɗauke ta a matsayin amfanin lambu na rani: ka yafa iri a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, ta girma cikin sanyin hunturu, ka girbe kafin zafin bazara ya tsananta. Idan kana kudancin ƙasar nan, inda ruwan sama ke da yawa, ka shuka ta a tukunya ko bokiti mai huji a ƙasa, yadda za ka iya janye ta ƙarƙashin rumfa idan damina ta kankama. Wurin da ke samun ranar safe da inuwar la'asar ya fi dacewa.

Ƙasa mai rairayi-rairayi wadda ruwa ke ratsawa ita ake so. Ka gauraya ta da ruɓaɓɓen takin gargajiya kaɗan. Kada ka zuba mata yuriya kamar masara: ganye zai yi faɗi ya yi kore shar, amma ƙamshin ya ragu, ka yi asarar taki da asarar mai.

Reno da dashe

Ƙwayar irin ƙanana ce ƙwarai, ba ta ma kai riɗi ba, kuma tana da nawar tsirowa. Za ka taimaka mata idan ka kwanar da ita a firiza, ka jiƙa ta a ruwa na awa 24, sa'annan ka yafa a bedin reno. A danna ta kawai a saman ƙasa, ko a barbaɗa mata ƙasa kaɗan, domin idan ta nutse ba za ta fito ba. A riƙa yayyafa ruwa a hankali safe da yamma. Takan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14. Idan tsiron ya kai santimita 8 zuwa 10, sai a dasa da yamma, a bar tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin gindi da gindi.

Wanda ya samu uwar shuka ya huta da wannan wahala. Sai ya yanki reshe mai laushi na santimita 10 zuwa 15, ya cire ganyen ƙasa, ya soka a ƙasa mai danshi a inuwa har ya yi saiwa.

Babban abokin gabarta a wannan mataki ba ƙwaro ba ne, kyanwar gida ce. Dashe yana ƙuje ganye, ƙamshi ya fita, kafin gari ya waye an kwanta a kan shukar an karya ta. A kifa mata tsohon kwando ko ragar waya, ko a kewaye ta da ƙaya, har sai ta yi ƙarfi. Idan ta kai kamu ɗaya, a tsinke kanta don ta yi rassa. Daga nan ban ruwa sai saman ƙasa ya bushe.

Girbi da shanya

A nan ake samun riba ko a yi asara. Man ya fi yawa lokacin da shukar ta fara fure sosai, don haka kada ka yi gaggawa, kada kuma ka jira fure ya bushe. Ka yanka da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. Yi amfani da wuƙa mai kaifi ko almakashi, ka bar santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa domin ta sake toho. Inda yanayi ya yi sanyi ana samun yanka na biyu. Kada a cusa ganyen a buhu a danne, domin murzawa tana fasa jakunkunan mai.

Mun saba baza kuɓewa da barkono a rana, amma wannan ganye ba a yi masa haka. A ɗaure shi ƙananan dammuna, a rataye kai ƙasa a ɗaki ko rumfa mai inuwa da iska ke ratsawa, inda kyanwa ba za ta kai ba. A lokacin hunturu 'yan kwanaki sun isa. Inda akwai laima yakan kai mako biyu, kuma dole dammunan su zama ƙanana don kada su yi fumfuna. Ya bushe idan ganye yana karyewa ƙaras a hannu. A zage ganye da fure, a zubar da kara, a zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, a ajiye wuri mai duhu da sanyi. Kada a daka sai ranar da za a yi amfani da shi.

Mutanen Turai sun daɗe suna shan busasshen ganyen kamar shayi, amma mai juna biyu ta guje shi. Masu kiwon kyanwa a birane sukan saye shi a ƙulle cikin ɗan ƙyalle. Kafin ka faɗaɗa noman da nufin sayarwa, ka fara samun mai saye.

Idan kana son iri, ka bar gindi ɗaya ko biyu su riƙa, ka yanke kawunan da zarar sun yi ruwan ƙasa, ka karkaɗe a cikin takarda. Sauran kuwa a yanke furensu kafin su zubar da iri, in ba haka ba baɗi za ka tarar da ita ta tsiro a cikin bedin albasa da na latas.