KWAMFUTA SIRIRIYA MAI AIKI UKU: ABIN DA YA KAMATA MAI SAYE YA SANI

Jama'a, a 'yan shekarun nan kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama kayan aiki, kamar yadda keken ɗinki ya ke ga tela, ko sikeli ga ɗan kasuwa. Ɗalibi yana bukatar sanin hannunta, gama tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a duka bisa kwamfuta. Akawu yana bukatarta a ofis. Mai ɗaukar hoto da mai haɗa fim su ma ba su da sana'a sai da ita.

To, yanzu a kasuwa akwai wata iri siririya, marar nauyi, wadda masu sayarwa su ke cewa ita kaɗai ta isa aiki uku, watau wasannin kwamfuta, da aikin zane da haɗa fim, da aikin ofis na yau da kullum. Akwai gaskiya cikin maganarsu, amma ba duka su ke faɗi ba. Kuɗin irin wannan kwamfuta kuwa ba kaɗan ba ne. Wani tarin wata da watanni ya ke yi, wani kuma amfanin gona ya ke sayarwa ya saya wa ɗansa. Saboda haka aka rubuta wannan ɗan littafi, domin kada mutum ya zuba dukiyarsa ya dawo yana da na sani.

YADDA TA ZAMA SIRIRIYA

Kwamfutar da a ke kira ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a birnin Filadalfiya ta Amurka a shekarar 1946, babban ɗaki guda ta cika, nauyinta kuwa wajen tan 30. A shekarar 1981 aka fito da Osborne 1, wadda mutum zai iya ɗauka kamar akwati, amma nauyinta ya kusa kilo 11, fuskarta kuwa inci 5 kaɗai. Sannu a hankali aka yi ta rage girma, har a watan Janairu na 2008 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple a lokacin, ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban taro. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba.

Amma sirara na wancan lokaci rubutu da karatu kaɗai su ke iyawa sosai. Mai son wasanni tilas ya sayi wata ƙatuwa mai kauri, waɗansu har kilo 4 su kan kai. Sai a shekarar 2017 kamfanin Nvidia ya fito da tsarin da ya kira Max-Q, wanda ya rage wutar da injin zane ya ke ci, har kamfanin ASUS ya sa babban injin zane cikin kwamfutarsa Zephyrus wadda kaurinta bai kai santimita 2 ba. Daga nan sauran kamfanoni su ka bi sahu, irin wannan kwamfuta ta yawaita.

ABUBUWA HUƊU DA KE CIKINTA

Kafin mutum ya shiga kanti, ya kamata ya san abubuwa huɗu, gama su ne a ke rubutawa a jikin kwali, su ne kuma ke sa kuɗi ya hau ko ya sauka.

Na fari shi ne furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta. Shi ne kamar maigida a gona, shi ke tsara aiki, ya san wanda za a fara da wanda zai biyo. Kamfanonin Intel da AMD da Apple su ne manyan masu yinsa.

Na biyu shi ne injin zane, wanda a ke rubuta sunansa GPU. Shi kuwa kamar gayya ya ke. Maigida komai ƙwazonsa ba zai nome gona mai faɗi rana ɗaya ba, amma in aka tara samari da yawa, kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an tashi. Haka injin zane ya ke, dubban ƙananan ma'aikata ne a cikinsa, kowa yana yin ɗan lissafi mai sauƙi, duka a lokaci ɗaya. Hoton da ka ke gani a fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ne sama da miliyan biyu, a cikin wasa kuwa tilas a sāke zana su sau 60 ko fiye cikin daƙiƙa guda. Wannan aikin gayya ne. Akwai ƙaramin injin zane da ke haɗe cikin furosesa, akwai kuma babba mai zaman kansa, irin su GeForce da Radeon. Babban shi ke bambanta kwamfutar wasanni da ta ofis.

Na uku shi ne RAM, na huɗu kuwa ma'ajiya, wadda a yau galibi SSD ce. Mutane da yawa su kan rikita su, don dukansu da gigabayit a ke auna su. Ma'ajiya ita ce rumbu, inda hatsi ya ke kwana. RAM kuwa shi ne masussuka, inda a ke baza abin da a ke aiki a kansa yanzu. In masussuka ta yi ƙanƙanta, ko rumbu ya kai ina, aiki ba zai yi sauri ba, sai a yi ta kai da kawowa.

ZAFI SHI NE TUSHEN MAGANA

Ga abin da masu sayarwa ba su cika faɗi ba. Duk wutar lantarkin da kwamfuta ta ci, zafi ta ke komawa, tilas kuwa zafin nan ya fita. A cikin kwamfuta akwai 'yan bututu na jan ƙarfe masu ɗan ruwa a ciki. Ruwan ya kan zama tururi a wajen da furosesa ya ke, ya tafi ɗaya gefen inda fanka ke hurawa, ya huce ya koma ruwa, ya dawo. Haka su ke kwashe zafi dare da rana.

To, jiki mai kauri yana da wurin manyan bututu da manyan fankoki. Siririn jiki ba shi da wannan wuri. In furosesa ya yi zafi ya kusa awo 100 a ma'aunin Salshiyas, da kansa ya ke rage gudu don kada ya ƙone. Shi ya sa za ka ga kwamfuta ta fara aiki kamar dokin sukuwa, bayan rabin sa'a ta koma tafiyar jaki, alhali kuwa babu abin da ya lalace.

Saboda wannan dalili kamfanoni su kan ƙayyade wutar da injin zane zai ci, gwargwadon abin da jikin kwamfutar zai iya fitarwa. Ga misali. Injin zane mai suna RTX 4060 na kwamfutar tafi-da-gidanka, ana iya saita shi ya ci wat 35, ana kuma iya saita shi har wat 115. Sunan ɗaya ne a jikin kwali, amma aikin ba ɗaya ba ne. Don haka in mai kanti ya faɗa maka sunan injin, ka tambaye shi wat nawa aka ba shi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya zaɓi siririya ya sami sauƙin ɗauka, amma lalle ya bar wani abu na ƙarfi, ko kuwa ya jure ƙarar fanka.

Wannan magana ta fi shafarmu bisa mutanen ƙasashen sanyi. Kamfanin Apple, alal misali, ya rubuta cewa a yi aiki da kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka a wurin da zafinsa ke tsakanin awo 10 da 35. A Sakkwato da Maiduguri da Kano kuwa, cikin bazara zafi ya kan wuce awo 40. Iskar da fanka za ta jawo don ta sanyaya injin, ita kanta da zafinta ta ke shiga.

AIKI UKU, BUKATA UKU

Mai aikin ofis da ɗalibi, watau masu rubutu da lissafi da karatu a intanet, ba su bukatar babban injin zane ko kaɗan. Abin da ya fi musu amfani shi ne batir mai daɗewa, da rashin nauyi, da allon rubutu mai daɗin dannawa. RAM gigabayit 8 zai yi, 16 ya fi. Wanda aikinsa ke nan, in ya sayi kwamfutar wasanni ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Mai zane da mai haɗa fim, su abin dubawarsu na fari shi ne fuska, ta nuna launi na gaskiya. In fuskar ba ta da kyau, jan da ka zaɓa a ɗaki wani ja dabam zai fito a maɗaba'a. A nemi wadda aka rubuta tana nuna sRGB kashi 100 cikin 100. Sa'an nan RAM kada ya gaza gigabayit 16, ma'ajiya kuwa 512 ko fiye, gama fim yana cin wuri ƙwarai.

Mai wasanni shi ne ya fi kowa bukatar babban injin zane, da fuska mai sāke hoto sau 120 ko 144 cikin daƙiƙa, maimakon 60 na sauran kwamfutoci. Ya sani kuma waɗansu manyan wasanni ɗaya kaɗai ya kan ci fiye da gigabayit 100. Galibin wasanni don Windows a ke yinsu, saboda haka kwamfutocin Apple, ko da ya ke tun fitowar furosesarsu M1 a 2020 sun shahara wajen daɗewar batir da aikin fim, ba su ne zaɓin mai wasa ba.

Akwai kuma maganar batir. Kamfanoni ba su wuce awo 100 na wat-awa, domin shi ne iyakar abin da a ke barin fasinja ya shiga jirgin sama da shi ba tare da neman izini ba. Batirin da zai kai ka yini kana rubutu, in ka kama wasa da ƙyar ya kai sa'a biyu, injin kuma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai an sa caja. Inda wuta ba ta tsayawa, a yi tunanin wannan tun kafin a biya.

IN ZA KA SAYA

1. Ka fara yanke shawara a ranka wane aiki ne cikin ukun nan ya fi yawa gare ka. Daidai ruwa daidai tsaki.

2. Ka tambaya ko ana iya ƙara RAM daga baya. A cikin sirara da yawa an liƙe shi da dalma, ba ya ciruwa, abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe.

3. Ka ƙirga kafofin da ke gefenta, ka ga ko akwai wurin sa filashi da wayar majigi. Ka ɗaga cajar kuma ka ji nauyinta, gama ita ma a jakarka za ta zauna.

4. Kada ka yi cinikin biri a sama. A kunna ta a gabanka, a sa mata aiki mai nauyi na kamar minti 20, ka saurari fanka, ka taɓa jikinta, ka ga ko gudunta ya ragu.

5. In ta hannu ce, ka sa a buɗe maka rahoton batir, wanda ke nuna abin da ya ke ɗauka yana sabo da abin da ya ke ɗauka yanzu. Ka sani kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa, in furosesar Intel ce, galibi sai 'yar zubi na 8 ko sama da haka. Lambar farko bayan sunan, ko biyun farko a sababbin zubi, ita ke nuna zubin, kamar i5-8250U. Araha ba ta ado.

6. Ka karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar, da takardar garanti in sabuwa ce. Rasit shi ne shaidarka in an ce ta sata ce.

KULA DA ITA

Kada a ɗora ta bisa katifa ko darduma ko matashi, domin ta ƙarƙashi ta ke shan iska. A ɗora ta bisa tebur, in da hali a ɗan ɗaga bayanta. Aiki mai nauyi a yi shi da safe ko da dare lokacin bazara. Kada a bar ta cikin mota a rana.

Ƙurar hunturu ta kan toshe kafofin iska, zafi ya ƙaru. A rufe ta cikin jaka in an gama aiki, a kuma kai wa gwanin gyara ya share fankar, ko sau ɗaya a shekara bayan hunturu ya wuce.

In ana aiki da janareto, a jira ya daidaita tukuna a sa caja, a kuma cire ta kafin a kashe shi. A guji cajar jabu. Wanda kullum kwamfutarsa ke jone da wuta, ya duba ko tana da saitin tsai da caji a kashi 80 cikin 100, gama wannan ya kan ƙara wa batir kwana. In aka ga jikinta ya fara kumbura, batir ne ya baci, a kashe ta nan da nan a kai gyara, don yana iya kama wuta.

Abu na ƙarshe, duk aikin da ke da daraja gare ka, ka ajiye kwafinsa a wani wuri dabam. Kwamfuta ana sayen wata, amma rubutun shekara uku ko hotunan bikin mutane, in sun tafi sun tafi ke nan.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi, muna roƙonsa ya karanta wa maƙwabcinsa da ke shirin saye, musamman iyayen da 'ya'yansu za su tafi makaranta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu dace, amin.