Nauyi Da Gudu: Lissafin Da Ya Kamata Mu Yi Kafin Mu Hau Motar Kasuwa

Duk ranar Alhamis, tun da jijjifi, motoci da amalanke da 'yan kabu-kabu ke kama hanya daga Dungas da ƙauyukan kewaye zuwa kasuwar Maigatari da ke jihar Jigawa ta Najeriya. A sauran ranaku kuma wasu su nufi Magarya, wasu Damagaram. Kowa ya san yadda lodin yake: buhunan gero da wake da riɗi a ƙasa, awaki a gefe, mata da 'yan tireda a can ƙoli bisa kaya. In abu ya faru sai mu ce tsautsayi ne. To amma jama'a, akwai wani lissafi da ke aiki a kan kowace mota, ko mun san shi ko ba mu sani ba.

Wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Aizak Niyuton ne ya rubuta dokokin motsi a shekarar 1687. Ta farko ta ce duk abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa har sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Burki ƙafafun mota kaɗai yake riƙewa, ba ya riƙe buhu, ba ya riƙe wadda ke zaune a kan buhu. Shi ya sa da direba ya taka burki da ƙarfi sai mota ta tsaya, na sama kuwa su wuce gaba da gudun da suka zo da shi. Wanda ya bugi ƙasa ko bishiya a gudun kilomita 50 a awa, tamkar ya faɗa busasshiyar rijiya ce mai zurfin mita 10, wato gaba biyar da 'yan kai.

Abu na biyu shi ne abin da za mu kira ƙarfin tafiya, wato nauyin abu a ninka shi da gudunsa. Babbar mota mai nauyin tan 10 da ke tafiyar kilomita 30 kacal, ƙarfin tafiyarta daidai yake da na ƙaramar mota mai tan ɗaya da ke gudun kilomita 300. Buhu goma masu kilo ɗari-ɗari da muka roƙi ɗan kamasho ya ƙara mana, tan guda ke nan cur. Shi kuwa burki an ƙera shi ne don wani nauyi ƙayyadadde. In an zarce, sai ya yi zafi ya daina kamawa yadda ya kamata.

Gudu ma ya fi nauyi illa. In an ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke ci bayan an taka burki ninkuwa yake sau huɗu. Motar da za ta tsaya cikin mita 10 a gudun kilomita 40, sai ta ci mita 40 a gudun kilomita 80. Ban da wannan, a gudun kilomita 60 mota na cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai ga burki. In saniya ta faɗo titi, ko an shiga rairayi inda taya ba ta kama ƙasa sosai, ina za a samu wannan fili?

Abin sha'awa, iyayenmu mata sun daɗe da sanin maganin wani ɓangare na matsalar. Mai sayar da ƙwan zabi takan zuba ƙaiƙayi a ƙwarya, mai tukwane takan sa ciyawa a tsakaninsu. Abu mai taushi yana jinkirta tsayawar da aka yi farat ɗaya, sai ƙarfin bugun ya ragu. Aikin hular kwano ke nan a kan mai babur, kuma aikin ɗamarar kujera ke nan a cikin mota. Yaya za mu tanadi ƙwai, mu bar kanmu a fili?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a hanya kowace shekara. Mu 'yan kasuwa muna da ta cewa a nan, domin sau da yawa mu ne ke matsa wa direba ya ƙara kaya, mu ne kuma ke cewa ya taka kada kasuwa ta watse.

Don haka Alhaji, Hajiya, a sa kaya masu nauyi a ƙasa, domin lodi mai tsawo shi ke kifar da mota a kwana. A ɗaure buhuna da igiya mai ƙwari. Kada a hau saman kaya, balle da goyo. In direba ya fara wuce gona da iri, a haɗa baki a yi masa magana. Kuɗin mota ta biyu bai kai uwar kuɗi ba, balle rai. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa. Allah Ya kiyaye hanya.