Dalilin Da Ya Sa Magani Ke Wuyar Isa Ga Ƙarin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune. A cikin kan baligi da lakarsa akwai kimanin mililita 150 na wannan ruwa, jiki kuma yana samar da kusan 500 kullum, don haka dole tsoho ya fita kafin sabo ya samu wuri. A 2012 masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna cewa ruwan yana bin gefen jijiyoyin jini yana wanke dattin ƙwaƙwalwa. Idan ƙari ya tsiro, sai ya danne waɗannan hanyoyi kamar yadda shara ke toshe kwata da damina. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, shi ya sa matsi ke ƙaruwa, ciwon kai da amai su biyo baya, musamman da asuba.

A ganina, wannan toshewa ce babbar matsalar magani. Wani zai ce ai jijiyoyin jinin ƙari irin glioblastoma suna yoyo, ya kamata magani ya shiga da sauƙi. Gaskiya suna yoyo, amma ruwan da ya zubo yana taruwa a tsakiyar ƙarin, ya riƙa tura maganin waje. Ƙwayoyin ƙarin da suka yaɗu zuwa gefe kuwa suna ɓuya inda shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yake daram, kuma galibi daga nan ƙarin ke dawowa bayan tiyata. Duk mai ciwon kai da ke tsananta da safe, haɗe da amai ko dishi-dishin gani, ya garzaya asibiti a yi masa hoton kai.