Mai Jego da Tsohuwar Takardar Ɗaukar Aiki

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1971, ya ba mace hutun haihuwa na mako 12, ya kuma hana mai aiki miƙa mata takardar sallama tana cikin hutun. Sai dai bai ce dole a mayar da ita kujerarta in ta dawo ba. A nan gizo ke saƙa.

A ce an ɗauki mace aikin karɓar baƙi a wani kamfani. Shekaru suka tafi, ta zama ita ke shirya albashi, ita ke bibiyar masu kawo kaya, amma takardar ɗaukarta na nan yadda aka rubuta ta ranar farko. Haihuwa ta zo, aka rarraba ayyukanta ga abokan aiki. Ba ta gama wankan jego ba ta fara jin ƙishin-ƙishin za a rage ma'aikata. Wace takarda za a duba? Waccan tsohuwar, mai cewa aikinta karɓar baƙi ne, aikin da tuni aka ba wani. A rubuce gurbinta ya ɓace, alhali kamfanin da guminta yake tafiya. Ni ina ganin wannan zalunci ne, ko da ba a yi shi da gangan ba.

Doka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Sashe na 7 ya wajabta sanar da ma'aikaci a rubuce cikin wata guda idan sharuɗɗan aikinsa suka canza. Sashe na 20 ya ce wajen rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a kuma fara da wanda ya zo daga baya, tare da duba ƙwarewa. To ƙwarewar da ba a rubuta ba, wa zai shaide ta?

Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tabbatar wa mai jego komawa gurbinta ko makamancinsa da albashi ɗaya, ta ɗora wa mai aiki nauyin nuna cewa sallamar ba ta da alaƙa da haihuwa. Nijar ta amince da ita a 2019, Nijeriya kuwa har yanzu ba ta amince ba.

Kafin a kai can, mai juna biyu ta nemi a sabunta takardarta da sa hannun shugabanta tun kafin ta tafi hutu, ta ajiye kwafi a gida.