Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka, Amma Yana Buga Wasa

 Yau muna so mu yi magana a kan wani abu wanda wani dattijo zai ji ya ce shiririta ce, watau wasan bidiyo, wanda yara ke kira gem, da yadda mutumin da hannu ɗaya ya rage masa zai sami irin wanda zai iya bugawa. Muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, gama maganar ta fi yadda ake zato nauyi.

Fasali na farko: su wa ake nufi

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san hanyoyin da hannu ke salwanta suna da yawa. Akwai wanda injin niƙa ko injin casa ya kama masa yatsu. Akwai wanda ya faɗi da babur, aka ɗaure karayar da ƙarfi har jini ya daina gudu, kafin a isa da shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959, aikin gama ya gama, sai yankewa. Akwai wanda shan inna ta shanye wa hannu tun yana goye, gama ko da yake an shaida a 2020 cewa an raba Najeriya da wannan cuta mai yaɗuwa da kanta, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Akwai wanda kuturta ta ci wa yatsu kafin ya kai ga magani a Babbar Ruga, nan kan hanyar Batsari. Akwai dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Sa'an nan ga waɗanda harsashin 'yan bindiga ya nakasa a cikin shekarun nan na tashin hankali, waɗanda kowa a yankin nan ya san labarinsu ba sai an faɗa ba.

To, saurayin da wannan ya same shi hasara biyu yake yi. Ta farko kowa yana gani: fartanya da galma hannu biyu suke so, saboda haka gona ta kuɓuce masa. Ta biyu kuwa ba kowa ke lura da ita ba. Da la'asar sa'o'insa sun taru a rumfar mai cajin waya ko a gidan gem, kowa ya duƙufa, ana ihu ana tsokanar wanda aka cinye, shi kuwa yana gefe yana kallo. Yau ya zo ya zauna, gobe ya zo, jibi sai ya ce ba ya jin daɗi, ya kwanta a ɗaki. Da haka zumunci ke yankewa, baƙin ciki ya sami wurin zama. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ga maganar ta cancanci shiga jarida.

Fasali na biyu: da can hannu ɗaya ya isa

In mun duba wasanninmu na gado, sai mu ga da yawansu ba su tambayar hannu biyu. Dara, wadda ake haƙa wa gurabu talatin a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, yatsu biyu sun isa a buga ta, abin da take nema shi ne ƙwaƙwalwa. 'Yan mata da hannu ɗaya suke cafe duwatsun carafke. A langa kuwa dole ne ma mutum ya riƙe ƙafarsa da hannu guda, ya yi kokawa da ɗayan.

Haka wasan na'ura ya faro. Pong, wanda kamfanin Atari ya fitar a Amurka a 1972, da ɗan maburgi guda ake juya shi. Pac-Man, wanda ya fito daga Japan a 1980, ɗan sanda guda ke gare shi na nuna hanya, ba wani abin dannawa a cikin wasan. Wanda mutanenmu suka fi sani kuwa shi ne macijin nan na wayar Nokia, mai suna Snake, wanda aka fara sa wa a waya a 1997. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, manya da yara sun yi ta kora shi da babban yatsa kaɗai, a kan lamba 2 da 4 da 6 da 8.

Daga baya ne abin ya canza. Linzamin wasa na PlayStation na yanzu yana da 'yan sanduna biyu da maɓallai fiye da goma, an rarraba su dama da hagu, sama da ƙasa. Wasannin yaƙi da samari ke so a waya, irin su Free Fire da PUBG da Call of Duty, yatsa ɗaya ne ke tafiyar da mutum, ɗayan yana auna bindiga, duka a lokaci guda. Haka mafi yawan wasannin ƙwallo suke. Ashe ke nan masu ƙira ne suka rufe ƙofar ba da nufi ba, abin da aka rufe da hannu kuwa ana iya buɗe shi.

Fasali na uku: ma'auni huɗu

Kafin mutum ya kashe datarsa wajen sauke wasa, ya auna shi da tambayoyi huɗu.

Ta ɗaya: a tsaye ake riƙe wayar, ko a kwance? Wasan da ake riƙe wa waya a tsaye galibi don babban yatsa guda aka yi shi. Na kwance kuwa sau da yawa yana jiran yatsu biyu, ɗaya a kowace kusurwa.

Ta biyu: wasan yana jiranka, ko kai ke binsa da gudu? Wanda ake yi bi da bi, kamar dara, ba ya matsa wa kowa. Mai shanyewar jiki da wanda bai saba da hannun da ya rage masa ba, da irin wannan ya kamata su fara.

Ta uku: yana neman a danna wuri biyu tare, ko a danne wuri ɗaya a daɗe? In haka ne, a shiga cikin saitinsa a duba ko ana iya canza wannan. In ba a iyawa, a bar shi.

Ta huɗu, wadda ta fi shafarmu: yana aiki ba da intanet ba? Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Batsari da Safana, aka yi watanni a haka. Ko a yau ma akwai ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layi. Misali, Super Mario Run, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a 2016, da gangan aka tsara shi don hannu ɗaya, amma ba ya tashi sai da intanet, saboda haka amfaninsa a ƙauye kaɗan ne. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a sauke wasa inda akwai layi, a kashe data, a buɗe shi a gani tun ba a koma gida ba.

Fasali na huɗu: waɗanda suka ci jarrabawa

A cikin masu haƙuri akwai Ludo King, daga Indiya, na 2016, wanda mutum huɗu za su iya zagaye waya ɗaya su buga, kowa ya taɓa in layi ya zo kansa. Wannan ya fi kowane dacewa da abin da muke nema, don yana mayar da mutum cikin jama'a, kuma a cikinsa mai hannu ɗaya da mai biyu daidai suke. Akwai 2048, wanda wani saurayi ɗan Italiya, Gabriele Cirulli, ya yi a 2014, ana shafa yatsa ana haɗa lambobi, yana kuwa wasa ƙwaƙwalwar ɗan makaranta. Akwai Candy Crush Saga na 2012, na jera alawa uku masu kama ɗaya, wanda duk mai dara zai gane shi nan take. Akwai darar Turawa mai sarki da doki, da kartar Whot, kowanne an sa shi a waya iri-iri.

A cikin masu sauri kuwa akwai Subway Surfers, daga Denmak, na 2012, da Temple Run na 2011, waɗanda ake shafar gilashi sama ko ƙasa, dama ko hagu. Akwai Angry Birds, daga Finlan, wanda ya fara fitowa a 2009, wanda ja da saki ne kawai, kamar harbin danƙo. Wanda ke son yaƙi lalle, ya nemi Vampire Survivors na 2022, gama a cikinsa tafiya kaɗai ce aikin mai wasa, makamai da kansu suke tashi.

Wayar ita kanta tana da taimako. Tun daga Android 12 na 2021 akwai saitin da ke janyo saman fuskar waya ƙasa don babban yatsa ya kai. In riƙon ne ya gagara, a jingina wayar a kan matashi, ko a sa kafinta ya tsaga ɗan katako a soke ta ciki, a shimfiɗa guntun robar taya a ƙarƙashi don kada ya zame. Da haka yatsu biyar duka sun sami sararin aiki.

Fasali na biyar: kira ga masu gidan gem

A ƙasashen waje an ƙera kayan musamman. Kamfanin Microsoft ya fitar da Xbox Adaptive Controller a 2018, faffaɗan allo mai kafofi 19 a bayansa, inda ake jona maɓallan da za a taka da ƙafa ko a danna da gwiwa ko haɓa. Kamfanin Sony ya bi sahu da nasa a watan Disamba na 2023. Wasan The Last of Us Part II na 2020 ya zo da saiti fiye da 60 don masu nakasa, har da na hannun dama kaɗai da na hagu kaɗai. Amma kuɗin waɗannan alluna sa'ad da aka fitar da su ya tasam ma dala ɗari, ban da na'urar, wannan kuwa ya fi ƙarfin talakan Karare.

Akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo. Tun 2015 na'urar PlayStation 4 tana barin mutum ya sauya wa maɓallai aiki. A wasan ƙwallon nan na FIFA, wanda sunansa ya koma EA Sports FC a 2023, akwai tsarin maɓalli ɗaya, wanda shi ne na miƙa ƙwallo, shi ne na bugawa raga. In mai gida ya zaɓi wannan tsari, ya ɗauke aikin maɓallin ya kai shi kan L1, to mai hannun hagu ya sami wasa: babban yatsa a kan sanda, manuniya a kan L1, linzamin yana bisa cinya. In hannun dama ne ya rage, sai a musanya sandunan biyu, a yi amfani da R1. Aikin minti biyar ne, kuma mai gida ya ƙara abokin ciniki.

Fasali na shida: fa'ida da iyaka

Masana sun bincika ko akwai magani a cikin wasa. A 2017 masu bincike a Oksfod ta Ingila sun gwada mutum 71 da aka kawo asibiti bayan haɗarin mota. An sa rabinsu su tuno abin da ya faru, sa'an nan su buga Tetris na ɗan lokaci, sai aka ga a makon da ya biyo hoton haɗarin bai riƙa faɗo musu a rai kamar sauran ba. A 2016 kuma an buga sakamakon wani gwaji da likitocin Kanada suka jagoranta a kan masu shanyewar ɓarin jiki 141: waɗansu suka motsa hannu da na'urar Wii, waɗansu da karta da ƙwallo da makamantansu, aka tarar duka sun sami sauƙi, na'urar ba ta fi ba. Darasin a fili yake. Wasa yana ɗebe kewa, yana taimakon motsa jiki, amma bai maye gurbin likita ba, kuma wanda ba shi da waya, dararsa ta ƙasa ba ta gaza ba.

Kowane alheri kuwa yana da iyaka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, watau sa'ad da wasa ya hana mutum aiki da karatu da barci. Wanda ya kulle kansa a ɗaki da waya dare da rana ya koma cikin kaɗaicin da muke gudu. Hannu guda da ke ɗauke da aikin biyu kuma yana bukatar hutu, in wuyan hannu ya fara zafi a ajiye. A kuma yi hattara da wasan da ke cewa a zuba kuɗi a ci riba, wannan caca ce ta sake riga.

A ƙarshe, a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci a Najeriya. Doka tana iya gyara ofis da makaranta, amma rumfar hira sai masu zama cikinta. Saboda haka muna kira ga samari, in za a zaɓi wasan yamma, a riƙa zaɓen wanda kowa zai sa hannu. Muna kuma kira ga ɗalibai masu koyon ilmin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya a Dutsin-Ma, su zauna su sa mana dara a waya, da Hausa, da boko da ajami, marar nauyi, mai aiki ba da intanet ba, wadda yatsa ɗaya zai isa. Wanda ya karanta wannan kuma ya san mai bukata a unguwarsu, ya karanta masa, ya taya shi saita wayarsa.