Mai Fiyano Da Mawaƙi: Aikin Da Ake Yi Kafin Ranar Biki

Daga Wakilinmu a Ikko

Duk wanda ya halarci bikin aure ko suna a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ya ga yadda al'amarin kiɗa ya koma. Da can in an gayyato mawaƙi daga Arewa sai an tanadi mota guda saboda makaɗa da 'yan amshi da sanƙira, kamar yadda marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yake tafiya da 'yan kalangunsa. Yanzu kuwa sau da yawa mutum biyu ne kacal, wato mawaƙi da wani saurayi saɓe da fiyano.

Daga Kano abin ya taso. A shekarun 1990 ɗakunan kiɗa irin su Iyan-Tama suka shiga aiki da fiyano ƙirar Yamaha wajen waƙoƙin fim, bayan fim ɗin Sangaya na 1999 kuwa sai kunnen jama'a ya saba. Daga nan ya shiga waƙar siyasa da ta biki, har ya biyo mu Kurmi.

To, amma fa akwai bambanci babba. Mai kalangu idonsa na kan bakin mawaƙi: in ya ja ya ja da shi, in ya tsaya ya jira shi. Na'ura ba ta da ido. Saurin da aka ɗora ta a kai, a kansa za ta yi ta tafiya, ko mawaƙi ya shaƙe. Saboda haka abin da makaɗan da suke yi nan take a fili, mai fiyano tilas ya yi shi a ɗaki tun da kwana biyu ko uku.

Farkon aiki shi ne neman muryar mawaƙi. Akwai maɓallin da ke ɗaga kiɗa ko ya sauke shi taki-taki, sai a yi ta gwadawa har a sami inda mawaƙi ke kaiwa ba da wahala ba. Gwanaye sukan sauke taki ɗaya don ajiya, domin muryar da aka gwada da hantsi ba ita ce ta ƙarfe ɗayan dare ba, bayan an sha ƙura da hayaƙin janareta. Sa'an nan a tsai da sauri. Kiɗe-kiɗen da masu ƙira suka zuba a cikin na'urar na Turawa ne, ba su cika dacewa da waƙarmu ba, wadda galibi a kan sauti biyar take tafiya. Don haka mai fiyano yakan gina nasa bugun, ya ɗora sarewa ko goge a kai, ya ajiye kowace waƙa a lambarta ko cikin filashi.

Inda ake gane gwani shi ne wajen liƙi. A ce mawaƙi na tsakiyar waƙar amarya, sai ga wani Alhaji daga Alaba Rago ya shigo fili da bandir ɗin kuɗi. Dole a wasa shi, da ubansa, da garinsu. In mai fiyano ya naɗo kiɗan ne dunƙule na minti shida, kiɗa zai ƙare Alhaji na tsaye, kunya ta rufe mai biki. Wanda ya san aiki yakan bar wannan gaɓa a buɗe tana ta juyawa, su kuma shirya ishara tsakaninsu, ko ɗaga hannu ko juyo da kai, kafin a koma amshi. Ko da haka, a ganina, har yau fiyano bai iya kiran taken mutum yadda kalangu ke yi ba.

Sai maganar wuta. An shekara da shekaru da rushe NEPA, amma in aka ɗauke har yanzu sunanta ake kira. Janareta mai rawa yana iya ƙona fiyano, kuma abin da ba a ajiye ba ya tafi ke nan.

Mai shirin biki, kafin ka ba da kafin-alƙalami, tambayi mawaƙin ko da bakinsa zai yi, ko kuwa waƙar da aka naɗa za a sa yana motsa leɓe. Tambaye shi kuma ko sun yi gwaji da mai fiyanon, da wanda zai biya kuɗin man janareta.